Harsashin Orval Ba Ya Shiga Bindigar Kowa

Ko ciyawa ba ta tsiro a kabarin Orval Sletten ba aka mayar da sunansa abin dariya a gidan shan kofi na garinmu. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan motar gyaran hanya ta gunduma, wanda in dusar ƙanƙara ta rufe mu shi ke fara fita ya buɗe wa motar 'yan makaranta hanya, wai shi ne ya mutu da ruɗaɗɗen kai, har yana ɗura harsashin da zai iya kashe mutum. Wanda ya fara faɗin haka kuwa ba bare ba ne. Curtis ne, ƙanin matarsa Verna, wanda ya ci abinci a teburin Orval fiye da yadda ya ci a nasa.

Ni da Orval aji ɗaya muka yi, kuma shekara ɗaya muka bar makaranta. Shi ya hau motar hanya, ni na kama kafa shingen waya da askin tumaki a gonakin mutane. Sunana Harlan, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar aurena. Gajere yake ce mini. Shi kuwa dogo ne mai manyan kunnuwa, na hagun ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar inji da ta bindiga, don haka kullum ta damarsa nake tsayawa. Har yau in ina tafe da mutum sai in ga na zagaya ta damarsa ban sani ba.

Babu abin da Orval ba ya bayarwa. In motarka ta faɗa rami ko a kan iyakar jihar Dakota ne, ka kira shi, zai zo da sarƙa. In ya harbo barewa, cinya ɗaya ta riga ta tafi gidan wata tsohuwa da ba ta da mai yi mata farauta kafin Verna ta ga naman. Amma ka roƙe shi harsashi ɗaya daga ɗurin hannunsa, wato wanda yake haɗawa da kansa, sai ya girgiza kai kamar ka nemi haƙorinsa. Mutane suka sa masa marowacin harsashi. In sun faɗa sai ya juya musu kunnen hagu.

Ina wurin ranar da abin ya samo asali. Lokacin bai daɗe da aure ba. Ya gaji bindigar mahaifinsa, ya samo tsohon injin ɗuri na hannu ya ɗaure a benci a rumfar bayan gidansa. Abin da ya rage masa shi ne mamatsi, ƙarfen nan mai rami da bai wuce babban yatsa ba, wanda ake murɗawa a kan injin a tura kwanson harsashin da aka riga aka harba a cikinsa, ya matse shi don ya karɓi sabon ɗuri. Muka tafi kantin tsoho Knute a babban gari. Knute ya ajiye ƙananan akwatuna biyu a kan kanta.

"Ga mai matse jiki duka, ga mai kama wuya kaɗai. Zaɓi."

Orval ya ɗauki na farko ya kai bakin taga, ya leƙa ramin, ya shafa da farce, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu ya yi masa haka. Ya koma kan na farko. Ni kuwa na yi ta shan kofin Knute har ya fara harara ta.

"Ɗauki na jiki duka mu tafi," na ce. "Kwanso in ya sha wuta kumbura yake yi ya cika cikin bindiga. Wannan zai mayar maka da shi yadda ya fito daga kamfani, ya shiga kowace bindiga mai lambarsa. Shi kowa ke saya."

"Bindiga nawa gare ni, Gajere?"

"Ɗaya."

"To kwanson da ya riga ya ɗauki siffar cikinta, don me zan murƙushe shi in mayar da shi baƙo? Takalminka da ya saba da ƙafarka, kana kai shi a mayar maka da shi na kanti kowace safiya?"

"Takalmin wannan ko juji ba zai karɓa ba," in ji Knute. "Amma ka ji, ɗan Sletten. Mai kama wuya zai ba ka harbi mai kyau, kwansonka kuma zai daɗe. Sai dai harsashin ya zama na gida ɗaya. Ranar da maƙwabcinka ya ƙare da harsashi a dawa, ba lallai naka ya shiga tasa ba."

"Sai in ba shi bindigar."

"Kai dai ka zaɓa in samu in ci abincin rana. Ƙarfe ne, ba surukin da za ka ba 'ya ba."

Sai da rana ta kusa raba tsaka ya tura akwatin mai kama wuya gaban Knute. Kuma abin da ya faɗa a kantin nan shi ya yi har ya mutu. Duk wanda ya zo neman harsashi, sai ya shiga ɗaki ya fito da bindigar da kwalinta ya miƙa masa, ya ce a dawo masa da kwanson. Masu ce masa marowaci ba sa faɗin wannan ɓangaren. Shi kansa Curtis, barewar farko da ya kayar a rayuwarsa da bindigar Orval ya kayar da ita, lokacin ba shi da ko wuƙar fiɗa tasa ta kansa. Orval ne ya feɗe masa ita. Orval ne ya ɗauki hoton da ke rataye a ofishin Curtis yanzu.

Ni ban taɓa yarda da zaɓinsa ba. Ni mai matse jiki duka ne, har gobe. Mun yi gardamar nan a cikin mota, mun yi ta a bakin kogi muna kamun kifi, mun yi ta a asibiti ranar da aka haifi 'yarsa, har wata nas ta leƙo ta ce in ba za mu yi shiru ba mu fita waje. Nakan ce masa wata rana ƙura ko sanyi za su hana sakatar bindigarsa rufuwa a gaban nama, in sha dariya. Bai taɓa ba ni wannan daɗin ba.

Hannayensa kamar na mai fasa dutse suke, duk tsaga da baƙin mai. Amma in ya zauna gaban ɗan sikelinsa yana auna albarushi da ƙaramin cokalin shayi da ya sace daga kicin ɗin Verna, sai ka ce wani mutum ne daban. Rediyo a kashe. Ba a magana. Ko Verna in ta kawo kofi sai ta tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago da kansa. Na yi zaman shiru da yawa a kan wani juyayyen bokiti a rumfar nan, kuma ban san wani wurin da na fi jin daɗin zama ba.

Bayan ya ajiye aiki zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Magungunan da aka ba shi suna sa shi gyangyaɗi. Ya taɓa barin buta a wuta har ta ƙone. Ya kira sabon karensu da sunan wanda ya mutu tuni. Verna ta aike shi gari ya sayo fulawa, ya dawo da ƙusoshi da labarin wanda ya gamu da shi a hanya. Wane ne a cikin sa'o'inmu bai yi irin wannan ba? A ƙarshen rani ta same shi a gonar dankali ya jingina da shinge, hularsa a kan gwiwa, kamar mai hutawa.

Al'adarmu ce ba a harba ɗurin hannun mamaci, domin babu mai iya tambayarsa abin da ya zuba a ciki. Abokinsa ne ke zuwa ya zare kawunan harsasan ya zubar da albarushin. Na tuna wa Verna wannan a ɗakin ƙasa na coci, ana cin burodi da nama bayan jana'iza.

"Bar mini rumfar yadda ya bar ta, Harlan," ta ce. "Rigarsa ma tana nan a ƙusa. Sai bazara."

Na ce to.

A shekarar ne kuma ƙuri'a ta faɗa kan Curtis ya samu izinin harbin ragon dutse, irin na dawa. Akwai waɗanda suka tsufa suna nema ba su samu ba, Orval ma yana cikinsu. Curtis shi ke sayen maruƙan yankinmu kowace kaka, yana da sabuwar bindiga mai tsada, yana da kuɗin da zai sayi harsashin kamfani cike da mota. Amma kowa ya san harsashin Orval inda aka nuna masa nan yake zuwa. Sai ya je gidan yayarsa wai aron tsani, ya shiga rumfar da ta ce a bar mata, ya fito da kwali biyu a aljihun kwat. Sai da ya shiga mota ya leƙo ta taga ya ce mata, "Yaya, na ɗauki 'yan harsasai. Shi ai ba ya bukatarsu."

Ban san da wannan ba sai wata safiya da na shiga gidan kofin Bernice na tarar da dogon tebur a cike, Curtis a tsakiya, hula a ƙeya. A gabansa kusa da gwangwanin sukari ga harsashi a tsaye, jikinsa duk ƙarzo. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Orval ne kaɗai ke goge kwanso har ya yi wannan ƙyallin.

"Ga rago nan tsaye," Curtis yake cewa, "ƙahonsa ya zagayo har ya wuce ido. Na kwanta, na ja sakata, na tura. Ta tsaya. Na danna, ta ƙi. Na doke ta da tafin hannu, ba gaba ba baya. Rago ya dube ni, na dube shi. Ya yi fitsarinsa a natse ya haye dutse."

Tebur ya kwashe da dariya.

"Sai da na sauko har mota na samo sanda na zunguro shi. Allah ya jiƙan mijin yayata, mutumin kirki ne, amma a ƙarshen nan..." Ya juya yatsa a gefen kansa. "Yaya da bakinta ta ce ya ƙona buta. Wa ya san abin da ya zuba a cikin wannan? Da sakatar ta rufu, watakila da yanzu burodin jana'izata kuke ci."

"A ina ka samo shi, Curtis?" na ce.

"A'a, Gajere ya iso."

"A bakinka sunana Harlan."

"To Harlan. A rumfarsa. Ko kana tsammanin zai tashi ya fita farauta?"

"Ka gwada su a bindigarka kafin ka hau dutse?"

"Na harba na kwali ɗaya, lafiya lau. Na tafi da ɗayan."

"Na farkon sabon kwanso ne da bai taɓa shan wuta ba, ina zaune ya ɗura shi. Wannan kuwa ya sha wuta a bindigar Orval ba sau ɗaya ba, kuma wuyansa kaɗai aka matse. Tasa tsohuwa ce mai yalwar ciki, taka sabuwa ce matsattsiya. Ka san haka. Kai ma ka taɓa zuwa neman harsashi ya ba ka bindigar."

"Lamba ɗaya ce aka buga a bututun bindigoginmu, Harlan. Ko kai ma karatun lamba ya fara gagarar ka? Bernice, zuba wa dattijo kofi, ki kula kar ya sa gishiri."

Suka sake yin dariya. Wannan dariyar ta biyu ita ce ba zan yafe ba. Rabin mutanen teburin nan suna da injin ɗuri a rumfunansu. Sun san mai kama wuya, sun san abin da yake yi, wasunsu Orval ne ya zaunar da su ya koya musu. Da ɗaya daga cikinsu ya ce gaskiya Harlan ya faɗa, da maganar ta mutu a wurin. Amma kaka ce, maruƙansu suna cikin garke suna jiran Curtis ya zo ya duba, ga shi kuma labarin ragon da ya yi fitsari ya fi daɗin ji. Wani ya dubi cikin kofinsa. Wani ya tuna yana da aiki a gareji. Harsashin kuma aka bar shi a kan kanta kusa da akwatin kuɗi, duk wanda ya zo biya sai ya tambaya, a ba shi labari.

Da a gidan kofi maganar ta tsaya, da na haɗiye. Orval bai taɓa damuwa da abin da ake faɗi a teburin nan ba yana raye. Amma Verna ita ke kaɗa piyano a cocinmu tun muna da baƙin gashi, sai ga Lahadi ta zo kujerarta ba kowa. Ta gaba ma haka. Fasto ya ce mura ce.

Na je na same ta a kicin, labule a sauke da rana tsaka. Ta zuba mini kofi ta manta ba ta zuba wa kanta ba.

"Ka ji abin da ake faɗi," ta ce.

"Na ji abin da ƙaninki ke faɗi."

"Harlan, ni na ga butar. Ni na ji ya kira kare da sunan matacce. Na yi dariya, na ce tsufa ne. Kullum ina kallonsa ta tagar nan yana shiga rumfa ya rufe ƙofa a kansa da gwangwanin albarushi, ban taɓa cewa komai ba. Bara waccan ya ba ɗan maƙwabcinmu aron bindigar. Da wani abu ya faru fa?"

"Babu abin da ya faru."

"Ba shi ne ya fi damuna ba." Ta juya zoben hannunta. "In kansa ya fara tafiya, shi ya fara sani. Mai auna abu kamar Orval ba zai kasa sani ba. Ke nan ya sani ya ɓoye mini. Muna kwana ɗaki ɗaya yana ɗauke da wannan tsoron shi kaɗai, ni kuma ina yi masa faɗa a kan fulawa."

Na yi mata bayanin mamatsi, da kumburin kwanso, da yalwar cikin bindiga. Na ɗauki gwangwanin gishiri da kofi na nuna mata. Ta saurare ni har na gama, don mace ce mai ladabi.

"Kai abokinsa ne, dole ka faɗi haka," ta ce. "Curtis kuma ƙanina ne. Ni ban san ƙarfe ba."

Daga gidanta kasuwar shanu na wuce. Curtis yana jingine da shinge yana ƙirga maruƙan wani da sanda. Na ce ya ba ni sauran kwalin. Ya ce me zan yi da shi, ko ni ma kashe kaina nake so. Na ce yayarsa ta daina zuwa coci, ko ya lura. Ya buɗe ƙofar motarsa ya lalubo kwalin a ƙarƙashin kujera cikin takardun alewa da igiyoyi, ya jefo mini.

"Ka ce mata ni ban faɗi ƙarya ba. Sakata ta ƙi rufuwa."

Harsashin da aka bari a kan kanta kuwa Bernice ce ta naɗe mini shi a takardar goge hannu ta tura mini ƙarƙashin faranti. Ta ce ta gaji da share ƙura a gefensa.

Washegari da hantsi na koma gidan Verna. Sanyi ya sauko, ƙasa ta daskare, dusar ƙanƙara ta ɗan rufe lambunta. Na ce ta ɗauko bindigar da kanta. Ta fito da ita daga bayan rigunansa tana riƙe da ita nesa da jiki, kamar mai ɗauke da jaririn baƙi. Muka zagaya bayan rumfa. Na kwantar da bindigar a kan buhun hatsi, bakinta yana kallon tudu, na nuna mata inda za ta ɗora hannu da inda yatsanta ba zai je ba.

"Ni zan yi?"

"In ni na yi, za ki ce ƙarfi na sa."

Ta sa na farko ta tura sakata. Tana jiran ta ji turjiya, har ta ɗaure fuska ta tattaro ƙarfi, sai sakatar ta sulale ta rufe kafin ta gama shiri. Ta dube ni. Na ce ta buɗe ta fitar da shi ta sa wani. Ta sa. Ta sake sawa. Can sai ta cire safar hannu ta rufe sakatar da yatsa biyu kawai. Ta bi kwalin kaf haka, tana jera su a kan buhu, numfashinta yana fita fari. Na Bernice ne kaɗai ban bari ta sa ba, don sandar Curtis ta tura kansa ciki.

Na yi tsammanin shi ke nan. Na fara mayar da su kwali.

"Wannan jiki ne," ta ce. "Curtis ya ce ba a san abin da ya zuba ba. Ciki fa?"

"Ba a gani sai an buɗe."

"To buɗe."

"Verna, in na buɗe sun tashi daga aikinsa. Waɗannan su ne na ƙarshe da ya ɗura a tsohon kwanso."

"Da ma ai kai ne ka ce sai an buɗe su. Ko ba al'adarku ba ce?"

Ta yi gaskiya, amma faɗa a ɗakin ƙasa na coci daban, tsayawa gaban bencinsa daban. Ita ta tura ƙofar rumfar. Warin mai da na tagulla ya tare mu. Na kwance mamatsinsa daga kan injin, yana nan yadda ya murɗa shi, na sa ƙarfen zare kai. Verna ta jawo kujerarsa gaban sikeli ta sa tabarau. Na ce ita za ta duba, ni ba zan kalli sikelin ba.

Na zare kan na farko na juye albarushin a ɗan faranti. Ta ɗora, ta gyara ma'aunin kamar yadda na gaya mata har harshen sikelin ya tsaya daidai kan layi. Na ce kar ta sake taɓa komai. Na zare na biyu. Harshen ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya.

"Kan layi," ta ce.

Na uku.

"Kan layi."

Haka muka yi ta yi. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma ban da kalmomin nan biyu ba abin da aka faɗa. Kowane kai da na zare sai in ji kamar ina warware ɗinkin da ya yi. Ina tuna yadda yakan karkata cokalin nan ya ƙwanƙwasa shi da farce, ƙwaya ɗaya ta faɗo, ya jira. Mutumin da ake juya wa yatsa a gefen kai ke nan. Na Bernice ma da na buɗe shi, duk da dukan da ya sha, kan layi ya tsaya. Tun kafin mu kai rabi na ga hawaye suna ɗiga daga ƙasan tabaran Verna, sai ta ja kanta baya don kar su faɗa a faranti.

Da ya rage saura ɗaya na tsaya da shi a hannu.

"Mu bar wannan yadda ya yi shi," na ce. "Ki ajiye."

"A'a. In ka bar ɗaya, shi zan riƙa tunani."

Na zare shi. Ta daɗe tana kallon harshen sikelin bayan ya tsaya. Sannan ta cire tabarau ta goge da gefen rigar Orval da ke rataye a ƙusa.

"Ashe bai ɓoye mini komai ba," ta ce. "Buta kawai ya ƙona."

"Mummunar buta ce da ma."

Ta yi 'yar dariya ta share hanci.

Ni so na yi in kwashi kwanson da sikelin in kai teburin Bernice in zube musu a gaba. Na gaya mata. Ta ce a'a, ba za a sake ajiye kayan mijinta kusa da gwangwanin sukari ba. Ta ce Curtis kuwa ita ta goya shi, ita za ta yi magana da shi, kuma ba a gaban mutane ba. Ban san abin da ta faɗa masa ba. Na san dai bai zo ya ce ya yi kuskure ba, kuma a garin nan har yanzu in wani ya manta makullin mota akwai mai cewa ya fara irin na Orval. Ni na daina zama a dogon tebur. A kan kanta nake shan kofina, bayana gare su.

Ranar dai, da muka fito daga rumfa, tana riƙe da kwanon da muka tara albarushin.

"Wannan fa, ina ake kai shi?"

Na ce masu ɗuri a lambu suke watsa shi, wai taki ne. Ta taka har gindin shingen da take shuka tumatir, ta ɗiba da hannu ta watsa a kan dusar, kamar mai ba kaji hatsi. Ta kakkaɓe kwanon a gwiwarta.

"Motata ba ta son tashi a sanyin nan," ta ce. "Ka biyo ta nan ranar Lahadi ka ɗauke ni. Ka zo da wuri, yatsuna sun yi tauri, ina so in ɗan taɓa piyanon kafin mutane su shigo."